Jawabin Shugaban Ƙasa: Yadda Ake Gina Shi da Iyakar Tasirinsa

Duk lokacin da shugaban wata ƙasa ya kammala jawabi ga al'ummarsa, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Magoya baya su ce ya yi magana mai ratsa zuciya, 'yan adawa su ce romon baka ne kawai, kafofin yaɗa labarai kuma su tsamo jimla ɗaya ko biyu su yi ta juya su har wani labarin ya danne su. Wanda ba ya cikin kowane ɓangare yakan rasa wa zai gaskata, tunda jawabi ɗaya aka saurara amma hukunci biyu masu karo da juna aka yanke masa. Tushen ruɗanin shi ne ana cakuɗa tambayoyi uku da kowacce take da ma'auninta: yadda aka gina jawabin, ko abin da ya ƙunsa gaskiya ne, da kuma ko ya sauya wani abu a zahiri. Jawabi yana iya yin kyau matuƙa a gini alhali hujjarsa ba ta da ƙarfi, yana kuma iya zama gaskiya tsantsa amma ya wuce bai motsa kowa daga matsayinsa ba.

Balaga, jan ra'ayi da farfaganda

Malaman balagar Larabci sun ce balaga ita ce magana ta dace da abin da hali yake nema, tare da ingancin lafazinta. Wannan ma'ana ta fi amfani ga mai nazarin jawabin siyasa a kan fahimtar da aka saba, wadda take ɗaukar balaga adon harshe kurum, domin tana tilasta a tambayi wane ne mai magana, da wa yake magana, kuma a wane yanayi. Abdulƙahir al-Jurjani, malamin ƙarni na 11, ya nuna cewa ƙarfin magana yana cikin yadda aka jera kalmominta, wato abin da aka gabatar da abin da aka jinkirta, abin da aka ambata da abin da aka shafe. Tun kafin shi, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotil na ƙasar Girka ya kasa hanyoyin gamsarwa gida uku: mutuncin mai magana a idon jama'a, halin da ya jefa zukatan masu sauraro a ciki, da hujjar da ya kafa. Ya kuma lura cewa mai jawabi ba ya cika shimfiɗa hujjarsa gaba ɗaya. Yakan faɗi wani sashe ya bar mai sauraro ya cike sauran daga abin da ya riga ya yarda da shi, kuma hujjar da mutum ya ƙarasa da kansa ita ya fi riƙewa.

Jan ra'ayi da farfaganda kuwa kayan aikinsu ɗaya ne, domin duka biyun suna amfani da maimaita kalma, ba da labari, tsoratarwa da kwaɗaitarwa. Abin da ya raba su shi ne ko mai sauraro yana da hanyar tantance abin da aka faɗa masa, da kuma ko an bar masu saɓani su mayar da martani. Saboda haka gano dabara a cikin jawabi ba daidai yake da kama shugaba da ƙarya ba, kuma nazarin da ya tsaya a lissafa dabaru bai kai ga hukunci ba tukuna.

Yadda shugaba ya zama mai jawabi

Yawancin binciken wannan fanni a kan Amurka aka yi shi, kuma tarihinta yana nuna cewa shugaban da yake magana da talakawa kai tsaye sabon abu ne. A 1801 Thomas Jefferson ya daina zuwa majalisar dokoki da kansa don gabatar da saƙon shekara, ya koma aika shi a rubuce, magadansa kuma suka bi wannan tsari har 1913, lokacin da Woodrow Wilson ya dawo da tsayawa a gaban majalisa. A tsakanin nan ana ganin bai kamata shugaba ya riƙa zagaya gari yana neman goyon bayan jama'a kan wata doka ba, har ma ɗaya daga cikin tuhume-tuhumen da majalisar wakilai ta yi wa Andrew Johnson a 1868, lokacin da ta nemi a tsige shi, shi ne ya yi jawabai masu tunzurawa a bainar jama'a yana caccakar majalisa. Masanin siyasa Jeffrey Tulis, a littafin da ya fitar a 1987, ya nuna cewa daga zamanin Theodore Roosevelt da Wilson ne wannan fahimta ta juye, har jawabi ga jama'a ya zama ɗaya daga cikin manyan ayyukan ofishin.

Zuwan rediyo ne ya ƙarasa sauyin. Ranar 12 ga Maris 1933, kwana 8 bayan rantsar da shi, Franklin Roosevelt ya yi wa Amurkawa bayani cikin harshe mai sauƙi kan dalilin rufe bankuna, ya faɗa musu cewa ajiya a bankin da aka sake buɗewa ta fi aminci a kan ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa. Washegari bankuna suka fara buɗewa, mutane suka riƙa mayar da kuɗinsu. Ana yawan kafa hujja da wannan a kan ƙarfin jawabi, sai dai kwana 3 kafin nan majalisa ta zartar da dokar gaggawa da ta ba gwamnati ikon tantance bankuna da tallafa wa waɗanda za su iya tsayuwa, don haka da wuya a raba tasirin maganar da tasirin dokar. Wani abin lura shi ne tun daga shekarun 1920 shugabannin Amurka suke da marubutan jawabi, kuma a yau rubutun yakan bi ta hannun ma'aikatu, lauyoyi da masu auna ra'ayin jama'a kafin a karanta shi. Abin da mai nazari yake gani a takarda matsayin gwamnati ne bayan an yi ciniki a kansa, ba lallai zuciyar mutum ɗaya ba.

Manyan dabarun da ake ginawa a kansu

Dabarar da ta fi kowacce nauyi ita ce raɗa wa hali suna, domin sunan da aka ba matsala shi yake zaɓar maganinta. Ranar 19 ga Nuwamba 1863, a filin Gettysburg, inda aka gwabza a yaƙin basasar Amurka, shugaba Abraham Lincoln ya yi jawabin da bai wuce kimanin minti 2 ba, bayan babban mai jawabi na ranar ya shafe awa 2. Lincoln ya fara ƙidayar shekarun ƙasar daga 1776, shekarar sanarwar 'yancin kai wadda ta ce an halicci mutane daidai, maimakon 1787, shekarar tsarin mulkin da ya ƙyale bauta. Da wannan zaɓi kaɗai ya mayar da yaƙin basasa gwagwarmayar tabbatar da daidaito, ba tare da ya tsaya musu da kowa ba. A zamanin nan an ga irin haka lokacin annobar korona. Ranar 16 ga Maris 2020 Emmanuel Macron na Faransa ya maimaita cewa ƙasarsa tana cikin yaƙi, washegari kuma dokar zaman gida ta fara aiki. Ranar 11 ga Afrilu shugaban Jamus Frank-Walter Steinmeier ya ce annobar ba yaƙi ba ce, jarrabawa ce ga mutuntakarmu. Ƙasashen biyu duka sun taƙaita zirga-zirga, amma sunan farko yana neman biyayya da sadaukarwa a ƙarƙashin kwamanda, na biyu kuma yana neman tausayi da kula da juna.

Dabara ta biyu ita ce maganar da kowa zai ji abin da yake so a cikinta. Ranar 4 ga Yuni 1958 Charles de Gaulle, wanda a lokacin yake shugaban gwamnatin Faransa, ya tsaya a gaban dubban mutane a birnin Aljiyas ya ce musu ya fahimce su. Turawan da ke zaune a Aljeriya suka ɗauka alƙawari ne cewa ƙasar za ta ci gaba da zama a hannun Faransa, amma a 1962 a ƙarƙashin mulkinsa Aljeriya ta sami 'yanci. Furucin Muhammadu Buhari na ranar 29 ga Mayu 2015, cewa shi na kowa ne kuma shi ba na kowa ba ne, ya yi aiki ta irin wannan hanya: talaka ya ji ana kore iyayen gida na siyasa, wanda bai zaɓe shi ba ya ji ana ba shi tabbaci, alhali jimlar ba ta ɗaure mai faɗarta da wani takamaiman mataki ba. Kusa da wannan akwai shafe mai aikata laifi daga jimla, kamar yadda shugaban Amurka Ronald Reagan ya yi a Janairun 1987 kan badaƙalar sayar wa Iran makamai, inda ya ce an yi manyan kurakurai ba tare da ambaton wanda ya yi su ba.

Sai kuma taƙaita zaɓi zuwa biyu. Ranar 3 ga Nuwamba 1969 shugaban Amurka Richard Nixon ya gabatar da batun yaƙin Biyetnam tamkar hanya biyu ce kawai ta rage, ko a janye sojoji nan take ko a bi shirinsa na janyewa sannu a hankali, sannan ya nemi goyon bayan waɗanda ya kira mafi rinjaye masu shiru, wanda hakan ya mayar da masu zanga-zanga tsiraru masu hayaniya. George W. Bush ya yi makamancin haka ranar 20 ga Satumba 2001, bayan harin da aka kai wa Amurka ranar 11 ga watan, da ya ce wa ƙasashen duniya ko suna tare da Amurka ko suna tare da 'yan ta'adda.

Misalin da ya fi nuna yadda tsarin jimla yake ɗaukar nauyin hujja shi ne na jawabin Bush na ranar 28 ga Janairu 2003. A cikinsa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano cewa Saddam Husaini ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka, kuma ƙasar da ake nufi ita ce Nijar. An jingina labarin ga Birtaniya, wanda ya ba masu kare jawabin damar cewa abin da Birtaniya ta ruwaito kawai aka maimaita, amma an zaɓi aikatau na ganowa, wanda yake sa mai sauraro ya ɗauka abu ne tabbatacce. Ranar 7 ga Maris hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ta shaida wa kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun cinikin da aka ba ta na jabu ne. An fara yaƙin Iraƙi ranar 20 ga watan, a Yuli kuma fadar shugaban Amurka ta amince cewa bai kamata jimlar ta shiga jawabin ba. Wani kwamitin bincike na Birtaniya ya ce a 2004 zargin yana da tushe bisa wasu bayanan sirri na daban, don haka har yau akwai masu kare jimlar. Abin da babu jayayya a kansa shi ne an tsara ta yadda za ta gamsar da jama'a fiye da yadda hukumomin leƙen asirin Amurka kansu suka gamsu.

Dacewa da masu sauraro kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. A Maris 2022 Volodymyr Zelensky na Yukiren ya yi wa majalisar Birtaniya magana da amon kalaman Churchill, firaministanta na lokacin yaƙin duniya na biyu, ya tuna wa majalisar Amurka harin da Japan ta kai wa sansaninta na Pearl Harbor da na 11 ga Satumba, ya kuma ambaci bangon Berlin a gaban majalisar Jamus. Buƙatar ɗaya ce, tarihin da aka taɓo ne ya bambanta.

Shin jawabi yana sauya ra'ayi?

A nan masana suka rabu. Richard Neustadt ya rubuta a 1960 cewa ikon shugaba ikon shawo kai ne, amma abin da yake nufi shi ne ciniki da 'yan majalisa da manyan jami'ai a bayan fage. Samuel Kernell ya nuna a 1986 cewa shugabannin baya-bayan nan sun fi son tsallake majalisa su kai ƙara wurin jama'a, da fatan jama'a su matsa wa wakilansu. George Edwards ya ƙalubalanci wannan fata a 2003, bayan ya bi ƙuri'un jin ra'ayin jama'a kafin manyan jawabai da bayansu, ya tarar sauyin da ake samu yawanci kaɗan ne ko babu. Har Reagan, wanda ake yi wa kirari da gwanin isar da saƙo, ya kasa shawo kan yawancin Amurkawa su goyi bayan taimaka wa 'yan tawayen Contra na Nikaragua duk da jawaban da ya yi ta yi. Abin da ya faru a 2005 ya ƙarfafa wannan ra'ayi, domin Bush ya zagaya ƙasa yana tallata sauya tsarin fansho, amma goyon baya bai ƙaru ba, ƙudurin kuma bai kai ga ƙuri'a a zauren majalisa ba. Frances Lee ta ƙara wani abu a 2009 daga nazarin ƙuri'un majalisar dattawa, cewa idan shugaba ya fito ya rungumi wani batu, jam'iyyu sukan ƙara rabuwa a kansa, saboda nasarar batun ta zama nasarar shugaban a idon 'yan adawa.

Masana balaga irin su David Zarefsky sun mayar da martani cewa ma'aunin Edwards ya yi ƙunci. A ganinsu babban aikin jawabi shi ne ayyana abin da ake muhawara a kai da kalmomin da za a yi muhawarar da su, kuma wannan ba ya bayyana a ƙuri'ar da aka ɗauka kwana uku bayan jawabi. Binciken Jeffrey Cohen na 1995 ya nuna cewa batutuwan da shugaba ya jaddada a jawabinsa na shekara sukan hau sama a jerin matsalolin da jama'a suke ganin sun fi muhimmanci.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Shaidar Edwards tana da ƙarfi a kan iƙirarin cewa jawabi yana juya abokin hamayya ya zama masoyi, kuma babu wata hujja mai kama da ita a ɗaya ɓangaren. Shaidar masu ganin tasiri tana da ƙarfi a kan zaɓar batu da raɗa suna, amma rauninta shi ne da wuya a tabbatar cewa jawabin ne ya haifar da sauyin, tunda shugaba mai wayo yakan bi inda ra'ayin jama'a ya riga ya karkata. Akwai kuma iyaka ga binciken gaba ɗaya, domin an yi shi ne a ƙasar da take da jam'iyyu biyu masu ƙarfi da kafofin labarai masu gasa. Inda gidan rediyo da talabijin suke hannun gwamnati, kuma ba a jin muryar adawa, lissafin yana iya bambanta ƙwarai.

Abin da ke isa ga talaka

Tasirin da talaka ya fi saurin ji ba ya bi ta hanyar gamsuwa. Wani lokaci jawabin shi kansa aiki ne. Ranar 26 ga Yuli 1956, a birnin Iskandariyya, shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya ambaci sunan Ferdinand de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin Suez, a jawabinsa, ambaton kuma shi ne alamar da aka shirya don mutanensa su karɓe ofisoshin kamfanin mashigin Suez tun yana kan magana. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, furucin da daga baya ya bayyana cewa ba ya cikin rubutaccen jawabin, kuma cikin kwanaki kaɗan layuka suka cika gidajen mai a Najeriya, kuɗin mai da na sufuri suka yi tsalle. Babu wanda ya jira a gamsar da shi, domin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati suna karanta maganar shugaba a matsayin sanarwar abin da zai faru, su gyara lissafinsu tun kafin a buga wata takarda.

Sunan da aka raɗa wa hali shi ma yana da sakamako a doka. Da aka ɗauki harin 11 ga Satumba a matsayin yaƙi maimakon babban laifin da kotu za ta hukunta, majalisar Amurka ta ba shugaba izinin amfani da ƙarfin soja, izinin da aka sa wa hannu ranar 18 ga Satumba 2001, kuma shugabannin da suka biyo baya suka ci gaba da dogaro da shi wajen kai hare-hare a ƙasashe irin su Yaman, Somaliya da Siriya. Haka nan a ƙasashe da yawa jama'a ba sa jin jawabin da harshen da aka yi shi, sai ta bakin mai fassara ko ta guntun bidiyo na daƙiƙa 30 a dandalin sada zumunta, kuma sharuɗɗa da togaciyar da lauyoyi suka saka su ne suke fara zubewa a wannan hanya. Marubutan jawabi sun san haka, shi ya sa suke dasa jimlar da aka ƙera domin a yanke ta.

A ɗaya ɓangaren, magana zarar bunu ce har ga shugaba. A Agustan 2012 Barack Obama ya ce amfani da makamai masu guba a Siriya zai zama tsallake jan layi, da aka yi amfani da su a Ghouta, kusa da Dimashƙ, bayan shekara ɗaya kuma bai kai hari ba, furucin nasa ya zama abin da masu suka suke auna shi da shi. Alƙawarin da ke cikin jawabi kuma ba ya zama aiki sai ya shiga kasafin kuɗi ko doka, kuma a tsarin da majalisa take riƙe da lalitar gwamnati wannan mataki ba a hannun mai jawabi yake ba. Ranar 22 ga Janairu 2009 Obama ya sa hannu a kan umarnin rufe gidan yarin Guantanamo, inda Amurka take tsare waɗanda take zargi da ta'addanci, cikin shekara ɗaya. Ranar 20 ga Mayu majalisar dattawa, wadda jam'iyyarsa take da rinjaye a cikinta, ta hana kuɗin rufewar da ƙuri'a 90 da 6. Washegari ya yi dogon jawabi a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa yana kare shirin da hujjojin tsaro da na tsarin mulki, amma majalisa ta ci gaba da saka takunkumi a kan kawo fursunonin cikin Amurka. Ya bar mulki a Janairun 2017 da fursunoni 41 a gidan yarin.